Fainal ɗin SEC na mata: wannan gasa ta ƙarshen kaka adalci ce kuwa?

11 ga Maris, 2024

Malama Mai Usur:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da shiga azumi, Allah ya karɓa mana. Wai wa ya kalli fainal ɗin ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka tsakanin South Carolina da LSU (jami'ar jihar Louisiana) jiya da daddare? Ni na dawo daga asham ɗin farko na tarar an shiga kwata ta uku, na zauna a tabarma da waya a hannu har aka tashi South Carolina ta ci 79 da 72, amma wallahi raina bai yi daɗi ba. Ba faɗan da aka yi ne kaɗai ya dame ni ba, tsarin gasar ne gaba ɗaya. Yara sun yi wata biyu suna buga lig, South Carolina ta ci wasa 16 cikin 16 a rukunin SEC na jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, kowa ya san ita ce ta ɗaya, sai kuma a ce a tattaro a Greenville a sake buga sili ɗaya ƙwale, Juma'a Asabar Lahadi babu hutu ko na kwana guda, kuma saura kwana goma a fara babbar gasar ƙasa. Me ake nema a tabbatar wanda ba a riga an tabbatar ba? Ni ganina gajiyar da yara kawai ake yi saboda kuɗin talabijin.

Yar Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni bidiyon faɗan kawai na gani yana yawo a Facebook, dan Allah me ya haɗa su ne?

Koci Sabon Gari:
Ƙanwata saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi a tashi, South Carolina na gaba 73 da 66, sai MiLaysia Fulwiley ta South Carolina ta ƙwace ƙwallo daga hannun Flau'jae Johnson ta LSU, ita kuma Johnson ta riƙo ta da gangan don kar ta wuce ta zura. Wannan ba komai ba ne, ana yi kullum. Amma Johnson na komawa wajen benci sai ta bangaji Ashlyn Watkins ta South Carolina, kafin ka ce me abokiyar wasan Watkins, Kamilla Cardoso, ta taso a guje ta hankaɗe Johnson ta faɗi ƙasa warwas. Cardoso fa ƙafa 6 da inci 7 ce, 'yar Birazil, in ta ture ki sai kin ji a jikinki. Daga nan benci biyu suka watse aka cika fili, har wani ɗan'uwan Johnson ya tsallako tebur daga cikin 'yan kallo 'yan sanda suka fitar da shi. Kusan minti ashirin alƙalai suna duba bidiyo. Ƙarshe an kori mutum shida, Cardoso saboda faɗa, sauran biyar saboda sun baro benci. LSU da mutum biyar cif ta ƙarasa wasan, South Carolina da shida.

Baban Ummi:
Kuma hukuncin bai tsaya nan ba, Cardoso ba za ta buga wasansu na farko a gasar ƙasa ba. Kin ga Malama a nan ina tare da ke, an je neman ƙaramin kofi an yi asarar babbar 'yar wasa a wasan farko na babba.

Malama Mai Usur:
Yauwa Baban Ummi. Kuma ba ita kaɗai ba. Ranar Asabar a wasan LSU da Ole Miss, Last-Tear Poa ta LSU ta faɗi ta buga ƙeya da ƙasa, a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da ita, na ga abokan wasanta suna kuka. Angel Reese ta LSU ita ma tun ranar Juma'a ta gurɗe a idon sawu, da ɗingishi ta buga sauran. Jiki ba ƙarfe ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya san yarinyar da ta buga wasa uku a kwana uku fushinta a kusa yake, ƙafa ta yi nauyi, abin da za ta yi haƙuri da shi ranar Juma'a ba za ta iya ba ranar Lahadi.

Baƙon Minnesota:
Malama ki yi haƙuri amma ni kam ban yarda ba ko kaɗan. Jiya ina cikin Target Center a nan Minneapolis wajen fainal ɗin wani rukunin, Big Ten, Iowa da Nebraska, ni da matata da 'yarmu mai shekara tara. Tikitin gasar gaba ɗaya ya ƙare tun kafin a fara, abin da bai taɓa faruwa ba a ɓangaren mata na Big Ten. Tun da safe ga layi ya miƙe cikin sanyi, yara mata ƙanana birjik da riga mai lamba 22 ta Caitlin Clark, tauraruwar Iowa, wasu sun rubuta kwali da hannunsu. Nebraska ita ce ta biyar a lig, wasanta na huɗu kenan a kwana huɗu, amma aka tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki 11, Clark maki 4 kacal gare ta. Yarinyata ta riƙe min hannun riga ta ƙi saki, sai tambaya take Baba za su sha kashi ne? Da aka dawo Clark ta zuba 30, aka je ƙarin lokaci, Iowa ta ci 94 da 89, kofinsu na uku a jere. Muna mota a hanyar gida yarinyar nan ta ce in saya mata ƙwallon kwando. To ki ce min wasan lig na ranar Laraba a watan Janairu zai sa ta faɗi haka?

Malama Mai Usur:
Allah ya raya ta, ka saya mata kar ka ja lokaci. Amma ɗan'uwa ai ni ban ce babu daɗin kallo ba. Daɗin kallo daban adalci daban.

Koci Sabon Gari:
Bari in sa baki a nan don akwai abin da ba kowa ya sani ba. Babbar gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 2022 aka mayar da ita ta ƙungiya 68. A gasar 2024 gurbi 32 na waɗanda suka ɗauki kofin rukuninsu ne kai tsaye, sauran 36 kwamiti ne ke zama ya zaɓa. To manyan rukunoni irin SEC da Big Ten da ACC ko ka faɗi a wasan farko kwamiti zai ɗauke ka in kakarka ta yi kyau. Amma ƙananan rukunoni mutum ɗaya tal ake ɗauka, wato wanda ya ci gasar nan. Ga misali na jiya jiyan nan, Presbyterian, wata 'yar ƙaramar kwaleji a jihar South Carolina, ita ce ta biyar a Big South amma ta ɗauki kofin, za ta je gasar ƙasa karon farko a tarihinta. In aka soke wannan gasa yaran nan har su gama makaranta ba za su taɓa leƙa wurin ba.

Malama Mai Usur:
Koci ai misalinka hujjata ce. Ta biyar ta tafi, to ita ta ɗayan fa? Ta yi wata biyu tana cin wasa gida da waje, kwana ɗaya hannu ya ƙi, shikenan an rufe mata ƙofa. Wannan abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa yake min zafi. Shekarar da na fi samun yara masu kyau a makarantarmu, filinmu siminti ne duk ya tsattsage, kwando ɗaya ma babu raga sai zoben ƙarfe, yarana da dogon wando da ƙaramin hijabi suke atisaye bayan la'asar, kuma babu makarantar da ba mu doke ba a zagayen farko. Ranar semi fainal kyaftin ɗina ta tashi da zazzaɓin cizon sauro, tana zaune a benci lulluɓe da zanen mamarta tana rawar sanyi tana kallo, makarantar da muka ci da ratar maki kusan ashirin sati biyu kafin nan ta fitar da mu da maki biyu. A motar komawa babu wadda ta ce uffan. Yau shekara nawa amma in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Anti Maman Khalifa:
Ayya Malama sannu. Allah ya saka miki da alheri kan yaran nan, ba kowa zai tsaya musu ba.

Baban Ummi:
Tarihi ma yana bayan Malama fa. A 2022 Kentucky ta doke South Carolina 64 da 62 a fainal ɗin SEC, bayan wata guda South Carolina ta ɗauki kofin ƙasa a hannun UConn. Bara 2023 Tennessee ta fitar da LSU tun a semi fainal, LSU ɗin ta je ta lallasa Iowa 102 da 85 ta zama zakaran ƙasa. Shekara biyu a jere wanda ya rasa kofin SEC shi ya ci na ƙasa. To ina amfaninsa?

Baƙon Minnesota:
Amfaninsa ka tambayi 'yan Kentucky na 2022 mana. Kofin SEC ɗinsu na farko kenan tun 1982. Shekara arba'in fa Baban Ummi.

Yar Tudun Wada:
Ni dai abin da ya ban haushi ko'ina faɗan ake nunawa, ba wanda ke maganar Fulwiley, yarinya 'yar ajin farko ta taso daga benci ta ci maki 24 aka ba ta gwarzuwar gasa. Sai da na bincika da kaina na sani.

Koci Sabon Gari:
Gaskiyarki. Kuma ba wanda ke maganar abin da Cardoso ta yi ranar Asabar, kwana ɗaya kafin faɗan. South Carolina ta ba Tennessee ratar maki 23, Tennessee ta farke duka har ta wuce gaba 73 da 71, ta samu jifa biyu na fawul da za ta kashe wasan ta zubar duka biyun. Saura daƙiƙa 1.1, Raven Johnson ta South Carolina za ta jefo ƙwallo daga gefe, Cardoso na tsaye bayan layin maki uku ba wanda ya kula ta, don tun da ta shiga jami'a ba ta taɓa cin maki uku ba ko sau ɗaya. Ta karɓa ta ɗaga, ƙwallo ta daki allo ta faɗa. 74 da 73. Ni a matsayina na koci laifin Tennessee nake gani, ko wacece in saura daƙiƙa ɗaya ka sa mata hannu a fuska, amma kuma ka ga mutum ɗaya cikin awa 24 ta ceci ƙungiyarta sannan ta jefa ta a matsala. Irin wannan matsin ba a samunsa a lig, kuma gara koci ya ga halin yaransa a nan da ya gani a gasar ƙasa inda babu gyara.

Anti Maman Khalifa:
Ni abin da ya burge ni kocin South Carolina Dawn Staley ce. Ana ba ta makirfo maimakon murna sai ta fara da ba mutane haƙuri, ta ɗauki laifin yaranta a kanta. Ita ma Cardoso ta fito ta nemi afuwa. Amma ita kocin LSU Kim Mulkey sai cewa ta yi wai da ma Angel Reese ta tura ba ƙaramar yarinya ba. Haba, babba da ita, wuta na ci kina ƙara mata itace? In 'yarki ce aka ture na san da zafi, amma ba a gaban kyamara ake faɗin haka ba.

Baban Ummi:
Anti uwa ce ke kare 'yarta. Amma dai na yarda da ta yi shiru ya fi.

Malama Mai Usur:
Wani abin kuma, Greenville ɗin nan ai cikin jihar South Carolina take, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Columbia inda jami'ar take. Zauren cike da magoya bayansu. Kofinsu na takwas kenan cikin shekara goma. Ba na rage musu komai, Staley ta rasa duka 'yan wasa biyar da take farawa da su bara har da Aliyah Boston amma ga ta 32 babu faɗuwa, wannan aiki ne. Sai dai in za a ce fili na kowa da kowa ne to a kai shi inda ba gidan kowa ba.

13 ga Maris

Koci Sabon Gari:
Malama ga wani ya ƙaru. Gonzaga da ta ci wasa 16 cikin 16 a rukunin WCC, jiya Portland ta doke ta 67 da 66 a fainal. Ita Gonzaga kwamiti zai ɗauke ta ko ta yaya don kakarta ta yi kyau sosai, amma hakan na nufin Portland ta cinye gurbin wata ƙungiya da ke bakin layi tana jira. Wasu yara a wani gari da ba su buga wasan ba ma su ne za su biya.

Malama Mai Usur:
Ka gani ko Koci. Maki ɗaya.

Baƙon Minnesota:
To amma a faɗi gaskiya duka, bana NCAA ta ƙirƙiro wata sabuwar gasa WBIT mai ƙungiya 32, duk wadda ta zo ta ɗaya a lig amma ba ta samu shiga babbar ba tana da gurbi kai tsaye a can. Ba a watsar da su ba.

Malama Mai Usur:
Na sani ɗan'uwa, an ba su ladan ganin ido. Ka tambayi kowace yarinya wanne take mafarki.

Yar Tudun Wada:
Dan Allah tambaya, akwai 'yan Najeriya a cikin wasannin nan kuwa? Na ga wani suna Iriafen.

Baban Ummi:
Akwai sosai ƙanwata. Kiki Iriafen ta Stanford iyayenta 'yan Najeriya ne, a Los Angeles ta tashi. Ita ma ranar Lahadin nan suka sha kashi a hannun USC 74 da 61 a fainal ɗin rukuninsu na Pac-12 a Las Vegas, duk da su suka zo na ɗaya a lig. Stanford ta tsare JuJu Watkins maki 9 kawai ta ci, sai McKenzie Forbes ta zuba musu 26. Abin tausayin shi ne wannan ce gasar Pac-12 ta ƙarshe a yadda muka san ta, rukunin ya watse saboda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka ta maza. USC da UCLA da Oregon da Washington za su tafi Big Ten, Stanford da Cal za su ACC, huɗu kuma Big 12, an bar Oregon State da Washington State su kaɗai. A rukunin nan Nneka da Chiney Ogwumike suka yi tashe a Stanford, Promise Amukamara ta D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, kuma Arizona State ta yi. Ita kanta kocin D'Tigress Rena Wakama da ta ci mana kofin Afirka bara a Kigali a jami'ar Western Carolina ta buga. Ka ɗauki Stanford da ke bakin tekun yamma ka ce ta riƙa zuwa gabas buga lig, yara ɗalibai masu jarabawa, tafiyar awa biyar zuwa shida a jirgi. In Malama na neman inda ake gajiyar da yara saboda kuɗi to ga shi nan, ya fi na kwana uku a Greenville muni.

Malama Mai Usur:
Wallahi wannan ma ya fi ɓata min rai. Su 'yan matan ba a tambaye su ba.

18 ga Maris

Baƙon Minnesota:
Jama'a an fitar da jadawalin gasar ƙasa jiya. Masu lamba ɗaya, wato waɗanda kwamiti ya ɗora a sama, guda huɗu: South Carolina, Iowa, USC, Texas. Malama ki duba da kyau, duka huɗun su ne suka ɗauki kofin rukuninsu. Stanford ta ci lig amma ta faɗi a fainal, an ba ta lamba biyu. Ohio State ta ci lig ɗin Big Ten, Maryland ta yi mata 82 da 61 a kwata fainal, ita ma lamba biyu. Kenan ko ga manyan ma gasar ba wasa ba ce, ita ke raba wa zai samu hanya mai sauƙi.

Malama Mai Usur:
Na gani, kuma na karɓi wannan, na yi kuskure da na ce babu abin da take tabbatarwa. Amma ka lura hakan ya ƙara nuna abin da nake kuka da shi ne, kwana uku sun rinjayi wata biyu. Ni da za a bi tawa, a ƙananan rukunoni a ba ta ɗaya a lig tikitinta, in ana son gasa a yi ta don kofi. Ivy League ai haka take yi har zuwa 2017 kafin ta fara tata gasar, kuma ko yanzu ƙungiya huɗu na sama kawai take bari su shiga. Ko wannan ɗin aka kwaikwaya da sauƙi.

Koci Sabon Gari:
In aka yi haka Malama, ƙungiyar da ta faɗi wasa huɗu a Janairu me zai sa yaranta su fito atisaye a Fabrairu? Ni da wannan gasar nake riƙe yara, in ce musu ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Kuma ƙungiya na canzawa, wadda ta ji ciwo ta warke, 'yar ajin farko ta gane wasa. Ta Maris ba ita ce ta Janairu ba.

Anti Maman Khalifa:
Ku biyun duka yaranku kuke tunawa, ita tana tuna wadda ta yi zazzaɓi kai kana tuna waɗanda suka makara kafin su gyaru. Ni na kasa zaɓa.

8 ga Afrilu

Yar Tudun Wada:
Na dawo da wannan zancen sama don jiya an gama!! South Carolina 87 Iowa 75 a Cleveland, wasa 38 babu faɗuwa ko ɗaya. Clark ta ci 18 a kwata ta farko kaɗai na ce shikenan an gama da su, wuta kuma aka ɗauke mana ana tsakiyar kwata ta biyu, da ragowar cajin wayar yayana muka ƙarasa mu huɗu a kan allo ɗaya. Cardoso maki 15 ta kuma kwaso ƙwallo 17 daga allo, ita aka ba gwarzuwa. Staley kuka ta yi ta yi.

Baƙon Minnesota:
Gidana an yi jimami, mai lamba 22 ta ƙi cin abinci. Amma an saya mata ƙwallon Malama, tana ta bugawa a gareji. Baban Ummi lissafinka na shekara biyu ya karye bana, mai kofin SEC ita ta ci na ƙasa, kuma cikin huɗun ƙarshe uku masu kofin rukuni ne, NC State ce kawai ba ta da shi ita ma a fainal Notre Dame ta doke ta.

Baban Ummi:
Na sallama na bana. Presbyterian ɗin Koci ma ai ta ci wasa ɗaya a kan Sacred Heart kafin ta haɗu da South Carolina, wasan da Cardoso ta zauna kenan, aka yi wa Presbyterian 91 da 39.

Koci Sabon Gari:
An yi mata, amma ta je, kuma ta dawo da nasara ɗaya a hannu.

Malama Mai Usur:
Ina taya su murna da zuciya ɗaya, kuma na ji daɗi da Cardoso ta rufe da wannan ba da hoton turi ba. Matsayina kan ƙananan rukunoni dai bai canza ba Koci. Bayan sallah za mu koma atisaye, akwai gasar makarantu a zangon nan kuma na riga na rubuta wa masu shiryawa cewa a sa kwana ɗaya na hutu tsakanin semi fainal da fainal, ko ba su soke komai ba a yi mana wannan. In kana da tsohuwar raga da ba ka amfani da ita ka ajiye min, har yanzu zoben nan haka yake.

Koci Sabon Gari:
Akwai guda biyu Malama, ki turo yaro ya karɓa ranar Asabar bayan la'asar.